Bindigar da Ta Buɗe Mini Hannu

Ɗan goggona ne, saboda haka tun muna yara ba mu taɓa gaisawa babu tsiya a ciki ba. Ni ina ce masa Janar, duk da cewa yana kofur ya bar aikin soja. Shi kuma yana ce mini Rediyo, wai har yau ba a gano inda ake kashe ni ba. Ya girme ni da 'yan shekaru, amma in aka tattara duk maganar da ya yi a duniya, ba ta kai wadda nake yi kafin in gama aske kai ɗaya ba.

Ya shiga soja ne don ya tuƙa babbar mota. Ranar gwaji ya ja ta da baya, ya kwantar da katanga. Manya suka dube shi suka ga mutum ne da ba ya gaggawa, ba ya surutu, ko allura ba ta ɓata a hannunsa, sai suka tura shi ɗakin ajiye makamai. A can ya yi furfura. Wasu sun dawo gida da labarin daji da tabon harsashi, Janar ya dawo da ciwon baya da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Ko ƙadangare bai taɓa harbi ba. Aikinsa ya kwance bindiga, ya goge, ya shafa mata mai, ya mayar, ya miƙa wa mai ita ta taga.

Da ya yi ritaya ya kama wani ɗan shago a ƙarƙashin bene yana gyaran fanka da dutsen guga. Shago ne wanda in ka yi miƙa sai ka mari bango biyu. Akwai tebur, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanayen madara cike da ƙananan ƙusoshi, da wani farin ƙyalle da yake shimfiɗawa ya jera duk abin da ya kwance, na farko a hagu, na ƙarshe a dama. Wata rana aka kawo masa hannun gem, abin nan da ake riƙewa da hannu biyu ana wasa a talabijin, wai maɓallin harbi ya daina dawowa. Ya buɗe, ya ga ɗan sifirin ne ya karye, ya sa wani. Labari ya bazu. Kafin a jima fankoki sun koma lungu suna tara ƙura. Dole ta sa ya nemi tsohuwar talabijin da na'urar wasan da faifai ɗaya na harbe-harbe, don gwada abin da ya gyara. Haka mutumin da ya ƙi harbi da ta gaske ya koma harbi da ta ƙarya, ga tabarau a kan hanci. Na yi masa dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo.

Ni aski ne sana'ata. Wata safiya ina tsakiyar ba da labari na ji bakina ya karkace, almakashi ya faɗi ƙasa. Hawan jini ne ya taɓa mini ɓarin dama. Allah ya taƙaita, ƙafa ta dawo, baki ma ya dawo. Matata ta ce shi ya riga kowa dawowa, kuma da an nemi shawararta da an bar shi ya ƙara hutawa. Hannu ne ya ƙi. Ba kamawa ce ba ya yi ba, yana kamawa kamar jariri ya samu gemun kakansa. Sakewa ce ta gagara. In na riƙe cokali sai an ɓamɓare shi. Ita kuwa aska ba danna ta ake yi ba, ɗorawa ake yi a ja kaɗan a ɗaga. Wanda ba ya iya ɗagawa mahauci ne.

Likitar gashin ƙashi, mace mai haƙuri, ta gaya mini gaskiya: babu wani magani sai maimaitawa. In ɗora tafina a kan tebur in yi ta ɗaga yatsa, kullum. Na yi 'yan kwanaki na watsar. Babu abin da ya kai wannan cin rai, ƙato da kai ka zauna kana kallon yatsanka kana lallashinsa.

Ƙanena ne ya riƙe shagon askin. Da abin ya ja lokaci, iyali suka zauna suka yanke cewa a sa mini kujera a bakin ƙofa in riƙa yi wa masu jiran layi hira.

"Ai Yaya, dama rabin masu zuwa don bakinka suke zuwa," in ji ƙanena.

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Na fi kowa dariya, sannan na shiga banɗaki na daɗe.

Washegari Janar ya zo gida. Bai ce sannu ba. Ya kama hannuna ya juya shi sama da ƙasa kamar dutsen gugar da aka kawo gyara, ya miƙe yatsan manuniya, ya saki, ya ga ya sake naɗewa.

"Gobe da hantsi ka zo shago," ya ce. "Ka bar bakin a gida."

"Ba ya ciruwa."

"To ka zo da shi, amma ka ajiye shi a waje da takalma."

Da na je ya zaunar da ni a kan benci, ya cusa mini hannun gem, ya ɗora manuniyata a kan maɓallin harbi. Wasan yana farawa ne a cikin wani tsohon sito mai duhu, an ba ka 'yar ƙaramar bindiga. Kana karya kwana sai ga wata ƙatuwa a yashe a ƙasa. Na taka ta, ta hau hannuna, na danna. Da yake yatsan ba ya sakewa, ta yi ta aman wuta har na kashe kowa, na haɗa da ganguna da tagogi. Na yi ihu har mai shagon kusa ya leƙo.

Janar ya miƙa hannu ya mayar da wasan farko.

"Wannan ba taka ba ce. Ƙaramar za ka riƙe."

"Haba Janar! Wa ke zuwa yaƙi da abin kunna sigari? Kowa jefar da ita yake yi."

Ya cire tabarau ya goge.

"Fistol ce. Harsasanta a cikin mariƙi suke, sifirin yana turo su sama ɗaya bayan ɗaya. In ka ja kunama, ƙarfin harbin ne yake tura murfin sama baya, ya tofar da kwanso, ya dawo ya ɗauko sabo. Duk wannan ita take yi wa kanta. Abu ɗaya ta bar maka. Ba za ta sake tashi ba sai ka saki kunamar ta koma mazauninta. Masu wasan nan sun yi ƙarya iri-iri, a harbi mutum ya taka akwatin magani ya miƙe garau. Amma a wannan ba su yi ƙarya ba."

Tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon wannan ba. Na ce ko in samo masa ruwa.

Na harba ɗaya. Yatsa ya maƙale. Wani ƙato mai sanƙo ya fito daga bayan akwati, ya tako a hankali kamar mai zuwa gaisuwa, ya aika ni lahira. Talabijin ta yi ja. Aka sake. Ya sake kashe ni. Dama mai sanƙo bai taɓa ƙaunar mai aski ba, amma wannan nasa ya yi yawa. Da raina ya gama ɓaci na ɗaga hannun gem zan maka shi da bango, sai hannun ya ƙi saki. Ko fushi ban iya yi ba. Janar ya yi dariya har da tari, ya fita waje ya ƙarasa.

Haka muka yi ta yi kullum da hantsi, lokacin da ya fi samun masu kawo gyara. Ya riƙa ce musu su dawo da yamma, yana da babban aiki a kan tebur. Babban aikin kuwa ni ne. A farko ya sa wa maɓallin sifirin mai ƙarfi, wanda yake taimakawa ya turo yatsan baya. Lokaci-lokaci sai ya shimfiɗa farin ƙyallensa, ya kwance, ya sa wanda bai kai shi ba.

"Na rage masa ƙarfi," zai ce. "Da can shi ke ɗaga ka. Yanzu ɗaga kanka."

Na ba likita labari ina jiran faɗa. Ta duba yatsan, ta ce in ci gaba, amma kada in kuskura in daina zuwa wurinta. Janar ma ya ce duk ranar da na tsallake asibiti in tsallake shagonsa.

Wata da watanni ƙarar bindigata ɗaya ce, tau, sai shiru, sai mutuwa. Daga baya ta zama tau, a jima, tau. Ranar da ta yi tau-tau mai sanƙo ya kife, na miƙe tsaye na fara jawabin godiya ga dangi da abokan arziki.

"Akwai wani a bayan ƙofa," in ji Janar. Kafin in zauna an kashe ni.

Da hannu ya fara jin magana na gwada aska a kan damtsena, na gwada a kan ƙwaurina, har na zama kamar kazar da aka fige rabi. Sannan na ce wa ƙanena ina son kujerata. Ya ce, "To, Yaya." Ya goge madubi, ya jera mini kaya. Sai dai babu wanda ya zauna. Mutanen da na aske tun suna da gashi har ya fara gudu, kowa ya samu uzuri. Wannan ƙanena yake jira, wancan gaisuwa kawai ya zo. Ban ga laifinsu ba, wuya ɗaya kowa yake da shi. Na yi kwanaki a tsaye da tawul a kafaɗa, ina ba da labari ina kallon kujera.

Wata rana da rana tsaka, benci ya cika, sai ga Janar. Bai gaishe da kowa ba. Ya wuce kai tsaye ya zauna a kujerata, ya kwantar da kai.

"Gemu. Da aska, ba da inji ba."

Ƙanena ya matso yana murza hannu. "Yaya Kofur, da ka bari in gama da wannan..."

"Wurin wanzami na zo."

"Janar," na ce, "ka yi wasiyya?"

"Na yi. Na bar maka fankokin da ba a zo karɓa ba."

Na shafa masa kumfa. Na sa sabuwar reza a cikin aska. Ƙanena ya kashe injinsa, kan mutumin da yake aske wa rabi a aske. Na fara daga kumatu, na ɗora, na ja, na ɗaga. Na gangaro haɓa. Shi kuwa ya lumshe ido, hannuwansa a kan ciki, yana numfashi kamar mai gyangyaɗi a inuwa. Da na iso maƙogwaro na ga jijiyar wuyansa tana harbawa a ƙarƙashin kumfa. Na tsaya na yi bisimilla a zuciya. Na ɗora, na ja, yatsa ya ɗaga.

Na goge masa fuska da tawul. Ko ɗigon jini babu. Ya miƙe ya leƙa madubi, ya juya hagu, ya juya dama.

"Ka bar gashi a gefen kunne," ya ce. "Dama can ba ka iya ba."

Da ya juya zai fita ne na ga bayansa. Rigar ta jiƙe sharkaf tun daga wuya har ƙugu, ta manne da fata, ga fanka tana kaɗawa a kanmu. Fatar kujerar ma sai ƙyalli take yi. Wata tsiya ta zo mini har kan harshe, irin wadda za a shekara ana maimaitawa a shagon. Na haɗiye ta. Na sa tawul na goge kujerar da sauri, kamar kumfa ce ta zuba.

Wani direban tasi, tsohon mai zuwa wurina, ya dubi na kusa da shi, ya yi gyaran murya, ya cire hula ya taso. Ina ɗaura masa ƙyalle a wuya na hango Janar ta gilashin ƙofa. Bai yi nisa ba. Ya zauna a kan matattakalar kantin magani, yana shafa maƙogwaro yana duba tafin hannunsa. Allah ya saka wa ɗan goggona da alheri, ya ƙara masa igiyar soja ko a lahira ne.

"Wanzam," in ji direban, "a rage mini gefe. A hankali dai."

Na ce ya sunkuyar da kai.