Ɗankwalin Mama Hulda da Cittar Miriyam

A ƙauyenmu da ke gefen Nok, idan ka ji an ce "Mama tana ɗaura ɗankwali," to ka ja bakinka ka yi shiru, ana gab da yanke magana. Mama Hulda ke nan, Uwar Zumuntar Mata ta majami'armu shekara goma sha ɗaya. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, manomiyar citta kamar kowa a ƙasar Jaba, ga dariya kamar ta tsage rufin kwano. Karatunta bai wuce firamare ba, amma Fasto da kansa yakan leƙo gidanta neman shawara, ya fake da cewa kunu ya zo sha.

Ba haka aka haife ta ba. Tana amarya, gaggawa gare ta kamar wutar kara. Wata rana an dama gwaten acca na masu gayya, tukunya guda cike, sai wata ta ƙwalla ihu wai ƙadangare ya faɗa ciki. Kafin a ce me, Hulda ta kifar da tukunyar a ƙasa. Da aka duba, ashe gauta ne da bai farfashe ba. Maza ashirin suka wuni a gona da yunwa. Surukarta ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Daga yau, in an yi miki ihu, kwance ɗankwali ki sāke ɗaurawa kafin ki taɓa komai." Hulda ta riƙe wannan har ta tsufa da shi.

Tana da wata doka kuma da kowace mace ta haddace: zanen zumunta, wato ankon matan majami'a, na sujada ne. Ba a zuwa kasuwa da shi, ba a goyo da shi, balle aiki. Wadda ta karya, za ta sha wa'azi har kunnenta ya yi zafi.

Ranar da aka fi tunawa da ita wata Asabar ce a farkon Maris. Za a yi babban taron zumunta a Kafanchan, matanmu sun yi wata uku suna koyon sabuwar waƙa, an kuma sa su na biyu a jerin masu waƙa. Tun da safe mata ashirin da shida suka hallara a ƙofar majami'a, kowacce da zane biyu a guge, ɗaya a kan ɗaya. An ɗora tulunan kiɗa a mota, Rufus direba yana ta danna hon. Sai iska ta juya, gabas ta yi baƙi ƙirin.

Kowa ya san inda hankali zai tafi. Miriyam, Maman Nathan, wadda a da ita ke ba da waƙa, mijinta ya rasu bara, kuma tun ranar ba a sāke jin muryarta ba. Ita kaɗai ta noma cittarsu, ita kaɗai ta tsaga, shi ya sa ta makara. Kowa ya kwashe tasa, tata kuwa tana shanye a kan falalen dutse a bayan gari, saura kwana biyu ta bushe. In ruwa ya taɓa ta, za ta yi baƙi ta yi fumfuna, ba mai saye. Wanta da ke Sabon Tasha ya riga ya faɗa mata cewa in noman bana bai yi ba, ta tattaro 'ya'yanta ta dawo wurinsa. Maza kuwa duk sun tafi kasuwar Kwoi.

Nan take bakuna suka buɗe. Wasu na cewa a tafi, ruwan farko burga ce kawai. Wasu na cewa a fasa taron gaba ɗaya. Rufus ya leƙo ta taga. "Mama, taim yana tafiya fa! In mun yi leti za su kansil ɗin mu."

Mama Hulda ta zauna a kan dakali, ta kwance ɗankwali. Ita ma tana son waƙar nan kamar ranta. Ta kakkaɓe shi, ta ninke, ta ɗora a goshi.

"Kaka Lucia," ta ce wa tsohuwar da ta fi kowa shekaru, "ke kin san sama. Wannan zai zuba?"

Kaka Lucia ta shaƙi iska. "Zai zuba, 'yata. Amma zai ba mu lokaci kamar dahuwar doya."

Ta ja kunnen ɗankwali ɗaya. "Caroline, kira sakatare na taro. Ki ce muna roƙo a mayar da mu na ƙarshe. In ya ƙi, ki ce mun gode."

"Mama, in ya ƙi fa da gaske?" in ji Caroline, magatakardar zumunta.

"Waƙa ba ya ruɓewa, Caro. Citta yana ruɓewa." Ta ƙulle ɗankwalin tam, ta miƙe. "Masu ciwon gwiwa, ku je ku share ajin Sande Sukul. Rufus, kai moto bakin dutse. Sauran, ku bi ni."

Da suka isa, sun tarar da Miriyam durƙushe tana tara citta da hannu a cikin kwando ɗaya tilo, tana kuka ba sauti. Buhuna suna gida, kuma zuwa ɗauko su zai cinye rabin lokacin. Matan suka tsaya cirko-cirko. Sai Mama Hulda ta kwance zanenta na sama, zanen zumunta sabo fil, ta shimfiɗa a kan dutse, ta fara tura citta a kai.

"Mama! Yunifom fa!"

"Ni na kafa doka, na san abin da na kafa shi don shi. Wannan ma sujada ne. Ku kwance!"

Kai, abin kallo! Ta raba su yadda suke tsayuwa a waƙa: masu amshi suna tarawa, masu tulu da suka fi ƙarfin damtse suna ɗauka, masu kacau-kacau suna jerawa a mota. Ƙurar citta ta shiga hanci, atishawa ta ko'ina, dariya ta ɓarke. Rufus da ke mita ɗazu shi ne ya fi kowa gudu da ƙunshi a ka. Sahu biyu motar ta yi. Ana shigar da ƙunshin ƙarshe cikin aji, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya.

Caroline ta shigo da gudu, waya a hannu, an yarda su yi na ƙarshe. Aka yi guɗa. Miriyam ta durƙusa za ta yi godiya, Mama Hulda ta ɗago ta.

"Ba na son godiya a nan, Maman Nathan. Je ki ɗauko zanenki, akwai kujera ɗaya a moto."

Sun shiga Kafanchan da la'asar, zannuwa a yamutse, duk sun yi dabbare-dabbaren rawaya. Matan birni suka riƙa kallonsu suna toshe dariya, wata ma da ta ji ƙamshin citta ta tambaya ko shayi suka zo sayarwa. Mama Hulda ta wuce gaba abinta, kai a sama. Aka buga tulu, mai ba da waƙa ta buɗe baki, sai atishawa ta ƙwace mata. Ta sāke gwadawa, wata ta biyo baya. Kiɗa yana ta zagayawa ba murya.

Daga layin baya wata murya ta ɗauka, siririya, tana rawa da farko, sannan ta miƙe ta cika filin. Miriyam ce. Ba su koya mata waƙar ba, ashe wata ukun nan tana jin su ta katanga. Mama Hulda ba ta waiwaya ba. Hawaye na bin kumatunta, ta amsa da ƙarfi, sauran matan duka suka amsa tare da ita.

Miriyam ba ta koma Sabon Tasha ba. Duk Lahadi tana nan a gaba tana ba da waƙa. Tabon citta kuwa bai fita daga zanen Mama Hulda ba har yau, kuma in za ta ɗaura shi, ɓangaren tabon take juyowa waje.