Kunnena na Hagu da Haƙurin da Na Yi

Abin da ya fara tarbata ranar da na iso Maraɗi shi ne ƙara. Hon ɗin 'yan kabu-kabu, injin markaɗe a bakin layi, rediyon mai shayi, duk a lokaci guda. Ni kuwa 'yar Jiratawa ce, na saba da kukan kurciya da motsin ruwa a cikin garka. Na ci jarrabawa, aka turo ni lise, wato babbar makarantar sakandare, a birni. Yarinya ce ni mai kunya, irin wadda ake mantawa tana cikin ɗaki. Ba na magana, amma ina lura da komai, har tsagin da ke jikin kofin shan ruwa. Ina rubuto muku labarina ne don wataƙila akwai mai irin halina da za ta karanta.

A Sabon Gari aka sauke ni, gidan Gwaggo, yayar babana. Ba muguwa ba ce, kada a fahimce ni ba daidai ba. Ita take zuba mini tuwo da hannunta, ita take yi mini kitso. Tana yawan gaya wa maƙwabta cewa ni amanar ƙanenta ce, kuma a hannunta amana ba ta taɓa lalacewa ba. Wajen ƙarshen damina ruwa ya shiga mini kunnen hagu ina wanke kai. Ya fara da ƙaiƙayi, ya koma zugi. Gwaggo ta ga ina karkata kai, ta narka man shanu a cokali ta ɗiga mini. Da bai yi ba ta matse ruwan albasa. Wata maƙwabciya ta ambaci asibiti, sai Gwaggo ta ce ta raini 'ya'ya har ta aurar, babu wanda aka taɓa soka wa ƙarfe a kunne, ba kuma za a fara a kan ɗiyar ƙanenta ba.

Kunnen ya soma fitar da ruwa mai wari. Sai in cusa auduga, in ja hijabi in rufe, in wanke matashina tun kafin kowa ya tashi. Baba yakan shigo ranar kasuwa da zogale da albasa. Yakan cire takalmi tun daga zaure, ya zauna a ƙasa gaban yayarsa, sannan ya tambaye ni ko lafiya nake. A gabanta yake tambaya, domin janye ni gefe rashin yarda ne da ita. In na ce ina ciwo, na ce ke nan ba ta riƙe ni da kyau ba, na kuma haɗa shi da yayar da ta goye shi. Kullum sai in ce lafiya lau. Ina kallon bayansa yana fita, maganar tana bakina, babu ƙofar da za ta bi.

Malamar da ke koya mana Ingilishi Kirista ce daga Tsibiri, a kan babur take zuwa kowace safiya. Muna ce mata Madam. Wata rana ta rubuta kalmomi a tabulo, wato allon aji: endure, bear, resist, withstand. Ta ce biyun farko na wanda ya daure ne, ya haɗiye wahala ya yi shiru, na ƙarshen kuma na wanda ya tsaya ya turje, ya ƙi a tura shi. Ta nemi misali. Wata 'yar aji mai barkwanci ta miƙe ta faɗi wani abu, aji ya kwashe da dariya. Na ga bakuna a buɗe, na yi murmushi ni ma, amma ban ji ba. Sai daga baya maƙwabciyar zamana ta gaya mini cewa yarinyar ta ce ita kullum endure take yi da kunun kishiyar kakarta, wanda ko ƙuda ya faɗa sai ya nemi sukari. Ni dai na ɗauki kalmar farko na riƙe kamar don ni aka yi ta. In zugi ya taso sai in riƙa maimaita ta a zuci. Resist kuwa na bar wa yara marasa kunya.

Haka na yi ta zama. Na koyi karanta leɓen malamai, amma da zarar Madam ta juya ga tabulo tana magana, darasi ya wuce ni. Makina ya yi ƙasa. Maƙwabciyar tawa ta fara matsawa can ƙarshen benci, na kuma san warin ne dalili. Ranar da abin ya fito, mun tashi daga makaranta ina tsallaka hanya, wani ɗan kabu-kabu ya taho ta haguna. An ce ya yi ta hon. Ni dai sai na ji ni a ƙasa, gwiwata na jini, yana tambayata ko kurma ce ni ko kuwa mutuwa nake nema a kansa. Madam ce ta ɗaga ni. Tana gyara mini hijabi ta ga tabon ruwan, ta ga audugar. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗora ni a babur ɗinta har gida, ta durƙusa ta gaida Gwaggo, ta ce mata Mama, yarinyar nan tana bukatar likita.

Gwaggo ta yi mata godiya, ta raka ta har zaure. Tana dawowa ta ce wato har na fara kai ƙararta waje, baƙuwa ce za ta koya mata riƙon ɗa. Ta hura wuta, ta ɗora cokali, ta ce in zo in kwanta. Na zo. Amma da na ga man yana narkewa, sai hannuna ya tafi da kansa ya rufe kunnen. Na ce mata ta yi mini gafara, ba za a ƙara sa mini ba, asibiti nake so. Idona na ƙasa na faɗa. Ta daɗe riƙe da cokalin har man ya daskare. Sannan ta aika a kira Baba.

Da ya zo, ita ya fara bai wa haƙuri, ya daɗe yana bayarwa, sannan ya kai ni asibiti. Likita ya duba ya ce dodon kunnen ya huje, ciwon ya daɗe yana ci. Ya ce ruwan zai tsaya da magani, amma jin ba zai dawo kamar dā ba. Ya tambayi Baba me ya hana a kawo ni da wuri. Baba ya dube ni, na dubi ƙasa. A hanyar komawa, da muka kusa gida, ya ce da ma na gaya masa. Gwaggo kuwa da ta ji sakamakon ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Mun shirya daga baya, har yanzu a gidanta nake.

Ban ce haƙuri ba shi da kyau ba. Amma ciwo ba ya jin kunyar kowa, yana ci ne ko kin yi shiru. 'Yan'uwana da ke zaune gidan dangi don karatu, faɗin inda ke miki ciwo ba cin mutuncin mai riƙonki ba ne. Iyaye kuma ku nemi hanyar tambayar 'ya'yanku inda za su iya ba ku amsa ta gaskiya.

Ranar da na koma makaranta na jira kowa ya fita, na je gaban Madam. Na roƙe ta ta mayar da ni benci na gaba ta gefen hagu, inda kunnena na dama zai fuskance ta, kuma in za ta faɗi abu mai muhimmanci, ta juyo in ga bakinta.