Gwangwanin Baba Labbo

Duk wanda ya taɓa zama gaban Baba Labbo wanzami a Kebbe ya san gwangwaninsa. In ya tsinci kwalin man shafawa da aka jefar, sai ya tsaga shi da aska, ya kankare ɗan abin da ya rage, ya zuba ciki. Man ƙaiƙayi, man tabo, man zafi, duk gidansu ɗaya. In ka ce fatarka na raɗaɗi, ya ce gaisawa suke yi da maganin.

Wani malamin asibiti ya taɓa zuwa aski, ya roƙe shi ya daina. Baba ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, sannan ya lakato ya shafa masa a ƙeya.

Ni ɗan ƙanensa ne, kuma na fi kowa yi masa dariya. Shekarar da kuraje suka cika mini fuska, saura mako guda in je gaida surukai a Dogon Daji, na hau babur zuwa Tambuwal. Mai kemis ya ba ni mai iri biyu: na kuraje mai ƙarfi da suke kira retinoyid, da wani mai asid da ke saɓule matacciyar fata. Ya ja mini kunne kada in haɗa su rana ɗaya, in shafa kaɗan, in guji zafin rana. Na ga mako ba zai ishi wannan lallaɓawa ba. Na riƙa kwaɓa su a tafin hannu safe da yamma, ina tafiya gona abina.

Kwana uku, fuskata ta koma gasasshen dankali, tana saɓa. Da innata ta tambaya, na ce Baba ne ya shafa mini na gwangwani. Wa zai musa? Unguwa ta ɗauka, masu zuwa aski suka watse masa.

Baba ya zo dubiya, ya daɗe yana kallona, ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Wanga haɗi ba nawa na ba, ɗana. Nawa bai taɓa aiki haka ba."

Bai gaya wa kowa ba. Shi ya je wurin surukaina ya ce laifinsa ne, suka ɗaga ranar. 'Yar tasu tana ɗakina yanzu, da 'ya'ya uku.

Bara ya rasu, ban fito na faɗi gaskiya ba. To, jama'ar Kebbe, ku ji: ni na ƙona fuskata da hannuna. Allah Ya jiƙan Baba, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini, ni kuma Ya yafe mini.