Malamin da Bai Taɓa Jiƙa Ƙafa Ba

Jiya warin taɓo ya buge ni a bakin rafi, sai na tuna malamin da ya koya mana binciken ruwa a Tudun Wada zamanin En'e. Yakan hakimce ƙarƙashin laima da farin takalmi, yana ɓantarar goro, yana cewa, "Ilimi a ruwa yake, samari. Ku shiga!"

Mu kuwa muna ciki har ƙugu, muna tsintar katantanwa mai yaɗa tsargiya, ko safar hannu babu. Ran nan abokina Sale ya durƙusa gabansa.

"Malam, fitsarin jini nake yi."

"Madalla. Yanzu ka gane darasin."

Daga nan Sale ya bar karatu, malam kuwa aka ƙara masa girma.

Allah Ya gafarta wa malam, Ya tsare 'ya'yan mutane daga irinsa.