Yaya Hadiza da Hayaniyar Ɗakin Jinya

Yau shekara tara ke nan da rasuwar yayata Hadiza, malamar jinya a wani ƙaramin asibiti kusa da Dakoro. Allah Ya jiƙan ta.

Na fi tuna ta da dawowarta gida da la'asar, kanta ɗaure da kallabi tamau saboda ciwon kai. A lokacin, gurup ɗin da ke ba asibitin wuta yana bayan tagar ɗakin jinya, yana ruri wuni guda. Ƴan dubiya su cika ɗaki, ga rediyo, ga salula, ga masu moto a ƙofa. Marasa lafiya ba sa samun barci, masu hawan jini kuma nasu ya ƙi sauka. Ita kanta sai da kunnenta na hagu ya yi nauyi.

Wata rana Kawu Sale ya zo daga Kornaka da jama'arsa duba maƙwabcinsa, suka cika ɗakin da hira. Yaya na ƙoƙarin sauraren ƙirjin wani jariri, ta kasa jin komai. Ta miƙe ta ce, "Kawu, don Allah ku koma waje gindin iccen bedi. Ban jin numfashin yaron ga." Kawu ya fita ransa a ɓace, ya daɗe bai taka gidanmu ba. Yaron dai ya rayu. Ita kuma aka dinga ce mata mai zafin rai har ta bar duniya.

Daminar bana ɗiyata Zali ta kamu da ciwon haƙarƙari, muka kai ta asibitin nan. Na tarar wutar rana ta maye gurbin gurup, an yi wa ƴan dubiya rumfa a waje, ana shiga bibbiyu. Matashiyar da ke aiki ta ɗora abin saurare a ƙirjin Zali, ta ce, "Baba, kwantar da hankalinka, mun tare shi da wuri." Zali ta yi barci da rana tsaka, ta farka ta nemi fura.

Na tambayi malamar ko ta san Hadiza. Ta ce ba ta taɓa jin sunan ba. Na zaci abin zai yi mini ciwo, sai na ji bai yi ba. Yaya ba ta taɓa neman a san ta ba. So take marar lafiya ya huta, mai jinya kuma ta ji abin da take saurare. Da ta ga ɗakin nan yau, na san ba za ta ce komai ba, don kada ta ta da masu barci.