Glenys Harrop da Takunkumin Roba

A garin Tarrabin da wuya ka sami wanda ya girma bai shiga bas ɗin Glenys Harrop ba. Shekara ashirin da biyu tana kai yara makaranta, ga tabarau a goshi, ga baki da ba ya raga wa kowa. Mijinta Des, ma'aikacin injin katako, yakan ce shi kam tunda suka yi aure bai taɓa cin gardama ba.

Ranar da wutar daji ta gangaro daga duwatsu, ita ta kwashe mutanen gidan kula da tsofaffi a bas ɗinta. Da ta sauke su a filin ƙwallo sai aka ga babu tsoho ɗaya. Ta juya ta koma. Ta fito da shi da ransa, amma reshen itacen turare mai ci da wuta ya faɗo mata a fuska, har ta rasa kunnen hagu.

Wata huɗu ta kwanta a asibiti a Melbourne. Aka yanko fata daga cinyarta aka dasa mata a kumatu da haɓa. Likita ya ba ta takunkumin roba mai matse fuska, ya ce awa ashirin da uku za ta riƙa sa shi kullum har shekara biyu, in ba haka ba tabon zai kumbura ya janye mata baki. Ya haɗa mata da takardar shaida.

Takardar nan ta sha fitowa. A banki a nuna, a gidan mai a nuna, wani lokacin ma ga waɗanda ta share wa majina suna yara. Tana miƙawa tana cizon haƙora.

Ana nan sai aka ce za a rufe ƙaramin asibitin garin, inda ake duba mata fata duk mako. Mutanen Tarrabin suka yi ɗango zuwa birni zanga-zanga. Ashe ranar 'yan sanda sun keɓe titin majalisa, inda doka ta ba su ikon sa kowa ya buɗe fuska, ban da mai larurar rashin lafiya ko ta addini.

Wata sajan ta tare ta. "Madam, a cire abin fuskar nan."

"Ba zai ciru ba."

"In na larura ne, nuna min takardar likita ki wuce."

Des ya matso yana raɗa. "Glen, don Allah, buɗe jakarki a wuce wurin."

"Rufe min baki, Des. Kan firiji na bar takardar, kuma da gangan." Ta juyo ga sajan. "Dube ni da kyau, 'yar nan. Kin taɓa ganin ɗan daba ya zo tarzoma da filas ɗin shayi? Ina kunnena na hagu? Ai shaida ke nan, sai dai in makauniya aka ɗauka aiki."

"Madam, aikina nake yi."

"Ni ma aikina na yi na samo wannan fuskar. Ranar ba wanda ya tambaye ni takarda."

Aka sa ta a mota. Ta zauna a gaba ba a ce ta zauna ba, tana gaya wa direban yana taka birki kamar ɗan koyo.

A kotu lauyanta ya so a nuna hotunanta na asibiti don alƙali ya tausaya. Ta ce ko kusa. Da alƙali ya tambaye ta me ya hana ta zuwa da takardar, ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, dokar cewa ta yi ban da mai larura. Na karanta ta sau uku, ban ga inda ta ce mai larura ya riƙa yawo yana neman izinin fuskarsa ba."

Alƙali ya jima yana duba littafinsa, sannan ya kori ƙarar. A waje 'yan jarida suka yi ca, wani ya roƙe ta ta ɗaga takunkumin ko na daƙiƙa biyar ne don hoto. Ta ce ya fara cire wandonsa, sai su yi tare.

Asibitin bai tsira gaba ɗaya ba. An mayar da shi kwana biyu a mako, abin da har yau take zagi a kai. Takunkumin kuwa ta sa shi har ranar da likita ya ce ya isa. Bakinta ya ɗan karkace duk da haka, kuma zafin rana ba ya barinta ta daɗe a waje.

Yanzu duk Asabar da safe tana rumfar 'yan kwana-kwana na sa-kai a ƙofar kasuwa, cikin malafa mai faɗi, tana gasa tsiran nama tana naɗewa a burodi, ana sayarwa don tara musu kuɗi. Bara aka zaɓe ta kansila. Zaman farko da ta halarta sai da ya kai awa huɗu saboda gardamarta.