Tsarabar da Aka Kawo wa Maƙwabciyata

Ƙarar cokali na ji a jikin bututun ruwan kicin, ƙwal-ƙwal. Haka muke kiran juna ni da maƙwabciyata ta saman bene a unguwar Harra ta Yamma a Madina, don bututu ɗaya ne ya ratsa gidajenmu. Na kashe gas, na zura hijabi na hau.

Baturiya ce da ta musulunta, 'yar Kataloniya, wani yanki na Sifaniya mai yarensa daban. Mijinta ɗalibi ne a jami'ar da maigidana yake koyarwa. Da Larabci muke hira, nawa na kasuwa, nata na littafi. Mahaifiyarta ta yi fushi da musuluntarta, sai da aka haifi jika ta sauko. Duk Juma'a takan kira ta bidiyo su sha surutu da yarinyar da Katalanci, a ƙarshe ta gaisa da 'yarta a gurguje. Abin da ya riƙe zumuncin ke nan.

Na same ta zaune a ƙasa da littattafan labari na Sifaniyanci, tsarabar ƙanin mijinta da ya zo Umra. Ta ce in zauna ta fassara mini. A ɗaya akwai attajiri mai tuta a baranda, yana zuga 'ya'yan talakawa su fita titi neman ɓallewar Kataloniya daga Sifaniya, nasa 'ya'yan suna karatu a waje. A wani kuma tsohuwa ce 'yar Kataloniya da ta ƙi buɗe wa surukarta ƙofa don ba yarensu ɗaya ba. Marubucin ya ce idan tana magana kamar ta cusa dankali mai zafi a baki. Na tambaya ko babu mutumin kirki a cikin 'yan Kataloniyar da ke littattafan. Ta ce akwai, amma sai wanda ya gudu daga garin yana jin kunyar iyayensa.

"Wallahi ni ban taɓa son a raba ƙasar ba," in ji ta. "Amma tsohuwar nan, ko rigarta irin ta mahaifiyata ce."

Ban san siyasarsu ba. Ita ma ta ce akwai littattafai masu adalci, akwai kuma na wancan ɓangaren da ke rama cin mutuncin. Waɗannan dai ƙyama suka ba ni, kamar na buɗe tukunya na tarar miya ta kwana ta yi tsami. Mutum Allah ya ba shi alƙalami, ya rasa abin yi da shi sai kwaikwayon bakin tsohuwa!

Ranar Alhamis bayan la'asar matan unguwa suka taru a gidana muna cire ƙwallon dabinon da aka kawo daga gonakin Al-Awali. Wata Hajiya Bakanuwa, dattijuwa mai son mutane, ta ga maƙwabciyata shiru ta tambaye ta. Ita kuwa ta zayyane mata komai, har da dankalin. Hajiya ta tafa hannu.

"Af! Don wannan kike ɓata rai? Ai abokan wasanku ne, kamar mu da Zagezagi." Ta nuna wata Bazazzagiya da ke gefenta. "Kin ga wannan? Baiwata ce, da kuɗina na saya."

"Ji ta!" in ji Bazazzagiyar, ta juyo wurin maƙwabciyata. "Ki riƙe takalminki da kyau, 'yar'uwa, Bakano zai sayar miki da abinki a ƙofar Harami."

Aka yi ta dariya. Sai Hajiya ta jawo 'yar maƙwabciyata, yarinya 'yar shekara shida, ta cika nata kumatun da dabino tana yi mata gwaranci. "Zo nan, 'yar dankali, yi mana yaren kakarki mu ji." Yaranmu har da faɗuwa. Na san nufinta alheri ne, a wurinmu wanda ka tsokana naka ne. Na ce mata da Hausa, "Hajiya, wannan fa ba wasa ba ne. Ke kin faɗa an mayar miki yanzu-yanzu, ga shi kuna cin kwano ɗaya. Tsohuwar cikin littafin wa ya ba ta bakin ramawa?"

"Ke dai kin cika tausayi," in ji ta, ta ci gaba da aikinta.

Sunan ya bi yarinyar. A matakalar bene, a ƙofar baƙala, shagon da suke sayen alawa, 'yar dankali. Na tsawata wa nawa, amma yaran unguwa ba nawa ba ne duka.

Wata Juma'a ina goge ƙasa yarinyar ta shigo ba sallama, ta shige bayan injin wanki ta tsuguna. Daga sama ina jin wayar tana ta ruri, uwarta tana ƙwala mata kira. Na durƙusa kusa da ita na ce, "Tashi, 'yata, kakarki ce. Tun makon jiya take jiran ta ji muryarki." Ta girgiza kai. Na ce zan raka ta, zan zauna kusa da ita har su gama. Wayar ta yanke, ta sake ɗaukar ruri.

Ta dube ni, ta amsa da Larabcin Madina tsantsa, irin na yaran unguwa.

"Khala, ki je ki ce mata ta koyi Larabci. Ni babu dankali a bakina."